Wanda Ya Shafe Bangonki

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata!

Tun da kika koma gidan yayarki, abinci ya zama yashi a bakina. Kin tuna ranar da na fara leƙa ɗakin wasan kwaikwayonmu? Baƙo ne ni, ba uwa ba uba, ba mai tambayar inda na kwana. Kina kan tsani, fenti har a goshinki, kina zana fuskokin 'yan ƙungiya a bango. Ko sunana ba ki tambaya ba, kika ce, “Malam, riƙe min tsanin nan, tunda tsayuwa ka iya.” Na riƙe. Wallahi har yau ban sake shi ba!

A ɗakin nan na sami Inna mai ɗinki, tana gwada min rigar wasa tana faɗan na rame. Na sami Baba kafinta, da ya fara kirana ɗansa ba tare da ya shawarci kowa ba. Ranar da kika sa fuskata a tsakaninsu, har kika ƙara wa kunnuwana girma da gangan, juyawa na yi na share hawaye. Ashe ni ma ina da dangi!

Sai ga Mai Makulli, wanda muke cin kwano ɗaya da shi, wanda muka damƙa wa amanar ɗakin. Ya zagaya bayan idonmu ya kama wurin don kansa, ya watso kayanmu titi, ya cika dandalinmu da tsofaffin tayoyi. Bai tsaya nan ba. A gabanki ya sa aka bi bangonki da farin fenti, yana cewa tsintattu ba su da gida. Na ga Inna tana tsince maɓallanta a cikin kwata. Wa zai ga wannan ya yafe? Ba ni ba!

Ba zan taɓa shi da hannu ba, masoyiyata, duka ya yi masa sauƙi. Baba ya haɗa mana dandali a bakin titi, daidai ƙofar shagon tayoyin. Ni zan fito a matsayin Mai Makulli. Na koyi tafiyarsa ta agwagwa, da ɗan tarin da yake yi kafin ya shara ƙarya, da yadda yake shafa tumbi. Jiya wajen gwaji Inna ta yi dariya har ta zauna daɓas a ƙasa. Sai na mai da shi abin nuni! Sai masu sayen tayarsa sun riƙa yi masa tarin nan a gabansa, sai matarsa ta ji ana yin sa a kasuwa. Wanda ya shuka ƙaya a hanya, shi ma ta nan zai bi.

Amma me zan yi da nasarar da ba ki gani ba? Ina amfanin farin wata ga idon da ke rufe? Mun rataya ƙyalle a bayan dandalin, Baba kuma ya rantse ba mai ɗiga masa launi sai ke. Ki dawo, furen zuciyata. Ki zauna a sahun gaba ranar Asabar, ki kalli fuskar Mai Makulli lokacin da unguwa za ta fashe da dariya.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, ni naki ne har ƙasa ta rufe idona.

Naki, wanda ba ya mantuwa kuma ba ya canzawa.