Inna, Yau Aka Rufe Ajin da Aka Kore Ki

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ɗiyarki Hadiza ce, daga Birnin Kebbi.

Kin tuna ranar da Alhaji Garba, mai makarantar nan ta Argungu, ya kore ki daga ajin raino? A gaban iyaye ya yi. Laifinki kin bar 'yan shekara uku suna wasa da laka maimakon rubutu, kin kuma sa su share inda suka ci abinci. Ya ce ke jahila ce, kin mai da 'ya'yan mutane bayi. Ina tsaye bakin taga, ina jin masu dariya.

Da na yi ta kuka a gida, kika ce, "Bar shi, ɗiyata. Na san abin da nika yi ma yaran ga." Bai bar ki ba. Ya bi ya ɓata miki suna, ba makarantar da ta ƙara ɗaukar ki har kika kwanta ciwon ajali.

Bara wurin aiki suka tura ni Japan kwas kan rainon yara. Inna, yara na gani cikin laka har gwiwa, malamarsu ta durƙusa tana dariya tare da su. Suna gama cin abinci kowa ya ɗauki tsumma ya goge wurinsa. Wata tsohuwar malama ta gaya mana, ta bakin tafinta, cewa sai mace ta yi karatu ta ci jarrabawa kafin a ba ta wannan aiki. Aikin da aka zage ki a kansa. Na fita waje na yi kuka, kukan haushi.

Da na dawo aka sa ni cikin masu duba makarantu. Da bakina na roƙi a ba ni Argungu.

A makarantar Alhaji Garba na tarar da yara cunkushe a ɗaki mai zafi, malama riƙe da bulala. Wata 'yar mitsitsiya ta jiƙe zanenta saboda tsoron neman izinin fita. Ban ƙara ko kalma ɗaya a rahotona ba. Abin da na gani ya ishe ni.

Sai ga Alhaji har gidana a Badariya, da buhun shinkafa. Wai ya san ki, ke mutuniyar kirki ce. Na ce ya ɗauki buhunsa, ya tara iyaye ya faɗa musu haka. Ya tara su, ya faɗa. Ya ɗauka shi ke nan.

Washegari na sa hannu a takardar rufe ajin. Yau aka rufe ajin, an samar wa yaran wani wuri.

Na san za ki ce in yafe masa. Ban yafe ba, Innata, kuma na ji daɗi. Ki yi mini haƙuri da wannan.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa yaran da kika raina su zama shaidarki ranar gobe.

Taki har abada,
Hadiza