Binciken Asalin Mijin Safiyatu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Indo, 'yar Malam Ɗanjuma na Ƙauran Namoda, matar marigayi Alhaji Mauludu, ungozoma mai ritaya, mazauniyar unguwar Murabba a Riyad. Ina rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, babu wanda ya sa ni, babu kuma maganin da ya juya mini kai. Jikin ne dai ya gaji. Ku daina ɓoye mini takardun gwaji, don Allah. Na iya karanta sakamakon ƙoda tun likitan nan mai yawan murmushi bai shiga firamare ba, na kuma san abin da na gani. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, manzonsa ne. A kan haka na rayu, a kai nake fatan cikawa.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Lurwanu da Safiyatu da Bilƙisu. Lurwanu, ga sunanka nan a rubuce. Bakina bai taɓa kiransa ba saboda kunyar ɗan fari, amma yau dole kowa ya san da wa nake.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ku samu malami ya fitar wa kowa da nasa. Ba na bin kowa, babu mai bina. Tukwane da katifu da firiji kada ku wahalar da kanku kuna neman kargo zuwa gida. Ku ba matan nan na Maraɗi da Damagaram masu aikin gidaje, waɗanda ke zuwa shan shayi wurina ranar Juma'a. Bilƙisu ta san su ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu. Kwamfutata ta hannu da duk abin da ke cikinta na bar wa Musa, mijin Safiyatu. Ba ya cikin magada, saboda haka wasiyya ta halatta gare shi. Lurwanu, na san ka riga ka ɗaure fuska. Sassauta, ka karanta, don wannan maganar taka ce fiye da ta kowa.

Ka tuna ranar da ƙanwarka ta zo da zancen wani Ba'amurke, likitan ƙashi da suke aiki tare, wanda ya musulunta tun kafin ya san ta, ya bar sunan Erik ya ɗauki Musa. Kai ne waliyyinta tunda mahaifinku ya rasu. Ka ce a gidanmu ba a ba da 'ya sai an yi bincike: a tura dattijo garin mutum, a ji ɗan wa ne, jikan wa ne, wane irin gida ne. Gaskiyarka, haka muka taso. Sai ka ce wa za a tura Minnesota, can wajen su a Amurka? Ka ce mutumin ba shi da asali, halas, magana ta ƙare, ka miƙe. Baffanku ya zo daga Gusau ya karɓi waliccin aka ɗaura aure, ba ka je ba. Tun daga ranar ba ka taka gidanta a unguwar Nasiriyya ba. Ɗanta Saifuddin ya yi rarrafe, ya yi tafiya, yanzu yana surutu da Larabci, bai san fuskar kawunsa ba. Kuna zuwa duba ni kamar masu canjin aiki a asibiti, ita da safe, kai bayan la'asar, kuna zaton ban lura ba. Wannan abu yana cin raina fiye da ciwon da ke jikina.

Ni kuwa na ce tunda bincike ake so, ni zan yi shi, ko da bayan aure ne. Niyyata in rufe maka baki kawai. Wallahi ban san abin zai kama ni haka ba.

Da na tsare Musa da tambaya, ashe shi ma bai san komai ba. Abin da ya riƙe shi ne kakanninsa daga Norway suka yi ƙaura, akwai wani mai suna Torkel, kuma duk ƙarshen shekara suna cin wani kifi mai wari da babu mai so amma babu mai iya bari. Na ce masa wannan ai ba asali ba ne, labarin abinci ne. Shi ne ya nuna mini cewa mutanen can sun ɗauki hoton tsofaffin littattafan cocinsu sun zuba a intanet, kowa na iya buɗewa. Na buɗe, na ga rubutu kamar kaza ta bi ta kan tawada. Amma layukan na san su! Sunan jariri, ranar haihuwa, uba, uwa. Irin rajistar da na yi rayuwata ina cikewa a ɗakin haihuwa ce, yaren ne kawai ya bambanta. Na koyi kalmarsu ta haihuwa da ta aure da ta mutuwa, sauran waya ke fassara mini, wani lokaci ta fassara shirme in yi ta dariya ni kaɗai.

Ikon Allah, mutanen nan ba abin da ba su rubuta. Wanda aka yi wa lambar agana an rubuta. Wanda ya bar gari an rubuta ranar da ya tafi da inda ya ce za shi. Abin da ya fara rikita ni sunaye ne. Na yi ta neman Sivertson, sunan gidan su Musa, ban samu ba, har na ce yaron nan ƙarya ya shirga mini. Daga baya na gane cewa a da ba su da sunan gida mai tafiya daga kaka zuwa jika. Mutum sunansa ne, sai na ubansa, sai na gonar da yake zaune. In ya koma wata gona, sunan ya canza. Na ce kai, ai mu ne! Ba haka muke cewa wane ɗan wane na gari kaza ba? Kuma suna mayar da sunan kaka ga jikan fari, kamar yadda muke yi, shi ya sa za ka ga Sivert ya haifi Torkel, Torkel ya haifi Sivert, har kanka ya yi ciwo. Da na daina bin suna na koma bin gona, sai hanya ta buɗe.

Ga abin da binciken ya nuna, kai waliyyi. Talakawa ne, manoma, a wani kwari mai duwatsu kusa da ruwa. A al'adarsu babban ɗa ke ɗauke gona gaba ɗaya, ƙanne su san inda suka nufa. Na daɗe ina mamakin wannan rabon, na kuma gode wa Allah da namu. Torkel ba babba ba ne, shi ya sa ya hau jirgin ruwa wajen shekarar 1880, neman abinci, kamar yadda ni da mahaifinku muka hau jirgin sama zuwa nan da kwantiragi a hannu. Ban ga sarauta ba, ban ga abin kunya ba. Na bi su baya har inda littattafan suka ƙare, na wuce kaka bakwai. Kai da kake neman asalin mutane, kawo mini sunan uban kakan mahaifinka. Ba ka sani ba. Ni ma da na aure shi ban sani ba, kuma babu littafin da zan buɗe.

Na uku. Bilƙisu, wannan naki ne. In iƙamarki, takardar zaman ƙasar nan, ta ba ki damar fita, ki je Gusau wurin Gwaggo Turai tun tana da sauran hankalinta, ita kaɗai ta rage a 'yan ɗakin su mahaifinku. Ki kai mata turare daga kasuwar Dira, ki zauna, ki kunna waya, ki bar ta ta yi ta zuba. Ki tambaye ta daga ina kakansu ya taso, da wa ya zo, me ya koro shi. Na taɓa jin ta ce Gobir, wata rana kuma ta ce Katsina, ban bi ba lokacin, ina ganin hirar tsofaffi ce. Kuma ki yi mata Hausa tsantsa. In kika soma yalla da ya'ani irin na Larabawa za ta ce aljanu ne suka shige ki.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Torkel ba shi kaɗai ya tafi ba. A littafin masu barin gari na ga sunaye biyu a jere, rana ɗaya: Torkel da ƙanensa Gunnar, uwa ɗaya uba ɗaya. A takardar jirgi ma suna jere. Na kira Musa na ce wane ne Gunnar? Ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ya tambayi mahaifinsa, ya tambayi gwaggonsa mai ajiye tsofaffin hotuna, babu wanda ya san an yi wani Gunnar. Na ce mutum ba ya narkewa a cikin ruwa babu labari, sai na gano shi.

Na sha wahala, don na yi ta nemansa da sunan ɗan'uwansa. Ashe da suka sauka Amurka aka ce kowa ya tsayar da suna ɗaya, Torkel ya ɗauki na ubansu ya zama Sivertson, Gunnar ya ɗauki na gonarsu ya zama Lunde. A ƙidayar jama'a ta farko suna gida ɗaya. Da aka haifa wa Torkel ɗan fari, Gunnar ne ya tsaya wa jaririn a coci, don su suna rubuta sunan wanda ya tsaya. Daga nan shiru. Torkel ya ci gaba da haihuwa, maƙwabta na tsaya wa 'ya'yansa, sunan Gunnar bai sake fitowa ba. Na ce ko ya mutu? Bai mutu ba. Yana nan a gari na gaba, da mata da 'ya'ya, ya rayu har ya tsufa, shi ma sunan Torkel bai taɓa fitowa a takardun 'ya'yansa ba.

Me ya haɗa su? Wannan tambayar ta hana ni sukuni. Gona ce? Mace ce? Wata baƙar magana ce aka faɗa cikin fushi, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara zuwa? Na juya takardun nan gaba da baya, babu dalili ko ɗaya. Sun rubuta allurar agana amma ba su rubuta wannan ba. Na tabbata a ranar kowannensu yana ganin shi ke da gaskiya, kuma wataƙila ɗaya yana da ita ɗin. Yau babu mai rai da zai iya cewa wane ne. Musa ya samu wata jikar jikan Gunnar ya aika mata saƙo, ta ce ita ma ba ta taɓa jin Torkel ba. Suna cikin hira sai ta fito cewa mahaifin Musa ya yi shekaru yana sayen kayan noma a shagon mahaifinta. Suna gaisawa, ya biya ya fita. Da Musa ya gaya mini sai da na yi kuka, kuma ba don su na yi ba.

Ku dubi fasfo ɗinku. Lurwanu, kai Mauludu ka rubuta. Bilƙisu, ke makaranta ta sa miki Gusau kika bar shi haka. Saifuddin kuwa Sivertson ne. Ƙasar nan ba ta riƙe baƙo har abada, ranar da kwantiragi ya ƙare ko kafili, uban gidan da ya tsaya wa mutum, ya canza ra'ayi kowa zai ɗauki jakarsa. Wani Kano, wani Amurka, wata inda aure ya kai ta. Ni ce mahaɗarku, ni kuma tafiya zan yi. In ba ku gyara yanzu ba, jikokinku za su zauna kujera ɗaya a jirgi su yi wa juna sannu su sauka.

Safiyatu, ke ma ba ki fita ba. Na san bakinki, nawa kika ɗauko. Abin da kika gaya wa yayanki ranar da ya ƙi zancen Musa, cewa shi ba ubanki ba ne, ya yi nauyi. Ki ba shi haƙuri da bakinki, ba ta saƙon waya ba. Musa, kai kuma ka ci gaba da neman dalilin rabuwar mutanen nan biyu. In ka samu, ka gaya wa yaran. Ni dai na so in ji.

Na biyar. A binne ni a nan Riyad, kada a wahalar da gawata a jirgi. Na ga hotunan kaburburan Torkel da Gunnar, kowane da dutse mai suna da shekara, a maƙabartu daban. Nawa ba zai samu suna ba, haka ake yi a nan, haka kuma nake so. Wanda bai tsaya a wurin ba, ba zai taɓa sanin inda nake ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa da abin da za ku haifa. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah ya tsare muku imaninku a duk ƙasar da abincinku yake, ya sa ku riƙe juna.

Mutum biyu nake so su shiga kabarina su kwantar da ni: Lurwanu da Musa. Na tambayi malamai, mijin 'yata muharramina ne, kada wani ya kawo gardama. Lurwanu, kai za ka riƙe wajen kaina, shi ya riƙe wajen ƙafafu. Ramin ƙunci gare shi, dole kafaɗarka ta taɓa tasa. In kun fito, wanda ya riga hawa ya miƙa wa ɗaya hannu. Mata ba sa bin gawa, saboda haka ƙanwarka Safiyatu tana gida tana jira. Kada ka aika kowa. Ka je Nasiriyya da ƙasar kabarina a rigarka, ka yi sallama, ka zauna, ka gaya mata inda kuka ajiye uwarta.

Indo Ɗanjuma,
Murabba, Riyad.