Gyaɗa a Bakin Raga

Bauchi, 9 ga Satumba, 1996

Zuwa ga Baba Alhaji Mijinyawa, tsohon shugaban makarantarmu, a Misau.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara, da ƙafar da aka ce tana damunka. Ni ne Elisha, ɗalibinka na da, wanda yanzu yake riƙe da wasanni a makarantar da ka bari. Andrawus direba zai kawo maka wannan, don gidan waya ba zai yi mini saurin da nake so ba.

Baba, mai daɗin tukuna. Yaranmu sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙwallon makarantun jiha. Rabonmu da zuwa nan tun kana ofis. Ƙuri'a ta ba mu gida, za a buga a filinmu ranar Asabar ta farko a watan gobe, kuma kocin jiha zai zo ya zaɓi yara. Ina da kyaftin, Ɗanlarai, ɗan unguwar Gwallaga, yana ajin ƙarshe. Da yamma dako yake yi a Kasuwar Muda Lawal, amma ban taɓa koyar da yaro mai ƙafar hagu irin tasa ba. Bana ce damarsa, baɗi ya fita.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat. Rabin filin gyaɗa ce. Ba wasa nake ba. Malam Mansir mai koyar da Kemistiri ya shuka tun daga katangar gabas har ya wuce wurin bugun fenareti. Ragar gabas tana tsaye a tsakiyar gona kamar an kafa ta don korar tsuntsaye. Duk wasannin baya a waje muka buga su, atisaye kuma a rabin fili muke yi, shi ya sa asirinmu bai tonu ba. Dokar gasa ta ce mai gida in ya kasa ba da fili, an cinye shi. Babban filin wasa na gari ana gyara. Maƙwabtanmu masu fili kuwa su ne abokan karawarmu, da na je aro dariya suka yi mini har bakin ƙofa.

Na sami Malam Mansir, ya ce Baba ne ya ba shi. Na sami sabuwar shugabarmu, Hajiya Yagana, ta ce ita da ta zo jiya ba za ta warware abin da Baba ya ƙulla ba, sai in na kawo mata a rubuce daga hannunka. To layi ɗaya nake roƙo: ka rubuta cewa fili na ƙwallo ne, a cire gyaɗa.

Ka huta lafiya. Ɗanka, Elisha.

*

Misau, 14 ga Satumba, 1996

Zuwa ga ɗana Malam Elisha.

Bayan sallama da fatan alheri, takardarka ta iso ni, na karanta ta sau biyu cikin farin ciki. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Allah ya yi wa waɗannan yara albarka.

Ka tuna mini da shekarar da muka ɗauko kofi. Kana aji biyu ina jin, ko uku? A buɗaɗɗiyar mota muka zaga da shi, daga Ƙofar Wambai har cikin kasuwa, mata suna guɗa. Wannan fili da kake magana, lokacin da aka kafa makarantar duwatsu ne da ƙaya. Ɗaliban farko da hannunsu suka tsince shi. Itatuwan darbejiyar da ke gefen yamma ni na dasa su, kowane aji na ba shi itace biyar ya riƙa yi wa ban ruwa. Ina fata ba a sare su ba.

Game da Malam Mansir, gaskiya ne ni na ba shi. A wata shekara ta tsanani ce, malamai suna ta gudu, shi ma ya sami aiki a wani kamfani a Jos, har ya ɗaure kaya. Da ya tafi, da an rufe ajin kimiyya, don babu wani. Na ce masa ya zauna, ga gefen fili ya noma abin da zai rage wa iyali. Na nuna masa daga katanga zuwa tsamiya. Ya zauna, kuma ka san likitoci da masu haɗa magani nawa suka fito daga hannunsa. Har yau in sakamakon jarrabawa ya fito, darasinsa ne yake rufa wa makarantar asiri.

Saboda haka ku duba tsamiya. Abin da ya wuce ta ba nasa ba ne, abin da bai kai ta ba nasa ne. Ka bi shi a hankali, malaminka ne.

Ka gaida mai ɗakinka Liatu. Wassalam. Babanka, Mijinyawa.

*

Bauchi, 19 ga Satumba, 1996

Baba, barka da war haka, ya ƙarfin jiki?

Wace tsamiya? Baba, iska ta kayar da tsamiyar nan tun shekarar da ka yi ritaya, masu dafa abinci suka ƙone ta har kututture. Na tara tsofaffin malamai su nuna mini inda take, kowa ya nuna wuri dabam. Malam Mansir ya taka har tsakiyar fili ya dangwala sandarsa ya ce nan ce. Na ce Malam, a tsakiyar filin ƙwallo aka taɓa samun tsamiya? Ya ce ni yaro ne lokacin, ba zan tuna ba. Abin da ya faru kowa ya sani: kowace damina yana ƙara kunya ɗaya ko biyu, ba mai cewa uffan, don Baba ne ya bayar.

Na kai wa Hajiya Yagana takardarka. Ta karanta, ta yaba rubutunka, ta ce ba ta ga inda ka ce a cire ba. Ni ma ban gani ba. Na ga darbejiya, na ga buɗaɗɗiyar mota.

Da haushi ya ci ni, shekaranjiya na tara 'yan wasan na ce su shiga su tuge gyaɗar, abin da zai faru ya faru. Baba, ba wanda ya motsa. Ka san al'adar makarantar nan, duk wanda ya makara ana ba shi fartanya ya tafi gonar Malam. To 'yan ƙwallona su ne sarakunan makara. Su suka yi huɗa, su suka shuka, su suka yi noman farko da maimai. Ɗanlarai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ta fara 'ya'ya fa, ba ta ƙosa ba. Abinci ne. In babana ya ji na tuge abinci ɗanye, ba zan kwana a gida ba." Yaron da nake wannan faɗan dominsa ke nan. Na rasa ko in mare shi ko in zauna in yi kuka.

Na roƙi kwamitin gasa su ɗaga wasan zuwa bayan cirar gyaɗa. Sakataren ya ce in maimaita, ya kira abokan aikinsa su zo su ji.

Ban ce Malam Mansir ba gwani ba ne. Ni ma shi ya koyar da ni. Amma ɗakin gwaje-gwajen da yake taƙama da shi, rabinsa harawa ce da buhunan bara, yara a tsaye suke kallon gwaji ɗaya su arba'in. Ya ci ɗaki, ya ci fili. Yara masu karatu suna da shi, yara masu ƙafa wa suke da shi? In ka ce a cire, Hajiya za ta sa leburori, yaran ba su da laifi a gida, ni kuma in sami lokacin baje kunyoyin. Baba, don girman Allah, layi ɗaya.

Naka cikin ladabi, duk da raina a ɓace yake, Elisha.

*

Ɗakin Malamai, 23 ga Satumba, 1996

Malam Elisha,

Salamu alaikum. Tunda ka daina amsa gaisuwata, kuma teburinka yana kallon nawa, na ga gara in rubuto.

Na farko, gyaɗar nan saura kaɗan ta ƙosa. In aka cire ta yanzu, ɓawo ne da ruwa, ko akuya sai ta yi shawara. Bakuna goma sha ɗaya nake ciyarwa, da ita nake kaiwa wata damina. Na biyu, harawar da ke ɗakin gwaje-gwaje tana gefen da rufi ba ya yoyo, gefen da yake yoyo kuwa ba ni na huda shi ba. Na uku, kafin ka ƙara kai ƙarata Misau, ka leƙa bayan ragar yamma ka gaya mini kuɓewar wa ce a wurin. Na ga Liatu tana tsinka ranar Lahadi bayan coci, har ta ba ni na miya, na gode.

Ban ƙi yaron nan Ɗanlarai ba. Ya fi kowa iya huɗa. Amma wanda ya ba ni wurin yana raye. In ya ce in tashi, kafin azahar na tashi, ko ƙwaya ɗaya ba zan ɗauka ba. In bai ce ba, kai ba ka isa ba.

Malaminka, Mansir.

*

Misau, 28 ga Satumba, 1996

Ɗana Elisha,

Bayan gaisuwa, na ji abin da ya sami tsamiya, raina bai yi daɗi ba. Itace ne mai albarka, a inuwarta muke taron iyaye.

Na yi ta juya maganarka. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga. Abin da na bayar da bakina a gaban mutane, a ce yau na sa hannu a tuge shi ɗanye, wannan ya yi mini nauyi a shekaruna. Kuma ni yanzu ba kowa ba ne a makarantar, Hajiya ce shugaba, ita ya kamata ta yanke. Ka gaya mata na ce duk abin da ta gani daidai ne.

Ba za a iya matso da raga a rage tsawon filin ba? A zamaninmu ba a cika aune-aune ba. Ko ku zauna da Malam Mansir ku fahimci juna, ku duka nawa ne. Shi kuma yaron, ka ce masa ya yi haƙuri ya dage da karatu. In da rabo, wani kocin zai gan shi.

Allah ya ba ku nasara. Babanka, Mijinyawa.

*

Bauchi, 21 ga Oktoba, 1996

Baba, ina gaisuwa.

Hajiya ta ce tunda ka bar mata, ita ma ta bar wa Allah. Na matso da raga kamar yadda ka ce. Alƙalin wasa ya zo ranar, ya dubi filin, ya dubi gyaɗar, ko tufafin wasa bai sa ba. Aka ba abokan karawarmu wasan. Kocin jiha bai fito daga mota ba.

Ɗanlarai ya wanke rigar kyaftin ya kawo mini a ninke. Ya ce yanzu zai riƙa fita kasuwa tun da rana, tunda babu atisaye. Na karɓi rigar na ajiye.

An cire gyaɗa makon jiya, ta yi kyau ƙwarai. A tasha nake ƙarasa wannan takarda, don da na zo in ba Andrawus ita, na tarar Malam Mansir ya riga ni, ana ɗora wani buhu a bayan mota da sunanka a jiki. Andrawus ya ce ai duk shekara shi yake kai maka, buhun farko na Baba ne. Ban san da wannan ba, da ban wahalar da kai da rubutu ba.

A ci lafiya.

Elisha.