Azarar masallacin kakanmu

Daren Laraba, Maradun

Ƙafafuna sun kumbura, amma ba su suka hana ni barci ba.

Da hantsi na taka zuwa tsohon ƙauyenmu, in ga masallacin kakanmu kafin ruwan dam ya haɗiye shi. Katafila ta baje ko'ina kamar faifai, ba kuka, ba tsamiya. Ni da aka haifa a nan, sai da na tambayi wani makiyayi hanya! Lambun Inna na bayan masallaci ya bushe, lalle kaɗai ya rage, shi ma awaki sun gwaguye shi.

Ina shiga masallaci sai na ga sararin sama. Rabin rufin babu. Na zaci aikin 'yan kamfanin dam ne, har na fara tsine musu, sai ga Sallau ɗan baffana a kan katanga, yana zare azara. Wai a kasuwar Mafara ana neman tsohuwar azara, ta fi ƙwari.

Na ce, "Sallau, ba ka jin kunyar Allah? Nan aka raɗa maka suna."

Ya ce, "Haba Yaya, mi za a bar ma kifi?"

Maganar nan ita ta fi ƙona mini rai. Na share ƙasa na ta da La'asar, shi ko ya dakata da zare azara, har na ɗauka jikinsa ya yi sanyi. Ina sallamewa ya ce, "Allah shi karɓa, Yaya. Kama mini wannan mu ɗora wa jaki."

Tir!