Zumar Wa Aka Sata?

Litinin, 6 ga Mayu
An kwashe mini akwatunan zuma kaf. Sai sawun mota a ciyawa. Ban yi kuka ba, takalmi na sa na tafi wajen 'yan sanda.

Alhamis, 9 ga Mayu
An gan su a gonar wani ɗan garinmu, Petkan, ya shafe su da koren fenti. Wawa, gindinsu har yanzu shuɗi ne, da hannuna na shafa.

Talata, 4 ga Yuni
Kotu. Lauyan Petkan ya miƙe yana murmushi. Wai takardar tuhuma ta ce kayan Velika aka sata, wato ni, alhali rajistar akwatunan sunan marigayi Stoimen ne a ciki, kuma ba mu taɓa ɗaura aure ba. Alƙali ya mayar da takardar, a gyara sunan mai kaya. Shekara ashirin ina kwana gefen Stoimen, ni na rufe masa ido! Na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi zumar wa take harbi kullum." Aka ce in zauna.

A baranda mai gabatar da ƙara ya tare ni. "Iya, in ba mai kaya, ba sata. Magajiyarsa za a rubuta." Ralitsa ke nan, 'yar Stoimen da ke birnin Plovdiv, wadda ranar jana'iza ta kira ni "matar nan".

Laraba, 5 ga Yuni
Ba zan kira ta ba. Zumar ta mutu in ta ga dama.

Lahadi, 16 ga Yuni
Petkan ya ɗaga mini hula a ƙofar coci. "Yaya kiwo, gwaggo?" Na tofa kusa da takalminsa. Itatuwa sun yi fure, lambu shiru kamar maƙabarta.

Litinin, 17 ga Yuni
Na kira Ralitsa. Magana uku na yi, ban roƙa ba.

Juma'a, 21 ga Yuni
Ta zo da takalmi mai tsini. A ofishin mai gabatar da ƙara ta ce, "Ku rubuta sunana, amma a mayar da su inda aka ɗauko. Inna ce ta san su." Inna. Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 13 ga Yuli
An sake tura Petkan shari'a, akwatuna sun dawo, biyu zumar ciki ta mutu. A takarda na Ralitsa ne, su jiƙa takardar su sha. Zuma ɗaya ta harbe ta a wuya, ta kurma ihu irin na ubanta sak. Na cire mata ƙarin.

Ba yafewa na yi ba. Na share mata ɗakin baya ta kwana, dama yana bukatar shara.