Sun Sallami Kawu, Sun Riƙe Muryarsa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, Auta kuma ya fara koyon tuƙi, har ya riga ya gaisa da katangar maƙwabta.

Na ga saƙonki, wai kin kalli bidiyon Kawu a shafin kwalejinmu kin ji daɗi. Yaya, ki riƙe murnarki, don ni raina a ɓace yake. Kin san aikina kula da na'urorin koyarwa ne da horar da malamai a kansu. Bara shugaban kwaleji ya ce a ɗauki darussan kowa a bidiyo, wai don ɗalibin da bai gane ba ya sake kallo a gida. Tsofaffin malamai suka ƙi, Kawu ne kan gaba. Ya ce shi da alli ya saba, kuma kyamara ba ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba. Ni na bi shi har gida na durƙusa, na ce shugaba ya yi alkawari a gaban taro ba wanda za a taɓa wa aiki. Saboda ni ya yarda, sauran suka biyo shi. Da kin ga wahalar da ya sha! Sau nawa ya fita da makirufo a wuyan riga, muna jin sa yana ciniki da mai lemo a bakin ƙofa. Amma ya dage, sai da muka ɗauki darussan lissafinsa kaf.

Makon jiya shugaba ya kira ni ofis. Yana juya kujera yana murmushi ya ce tunda darussa sun shiga na'ura, ba za a sabunta kwantiragin tsofaffin malamai ba, a riƙa kunna wa yara kawai. Har da yaba min, wai na rage wa kwaleji nauyi. Na tuna masa alkawarinsa, ya ce ai ba a rubuce yake ba. An ci moriyar ganga ke nan, kuma da bakina aka ci. Na faɗa masa ya nemi wani ya horar masa da malamai, don ba mai sake yarda da maganata, kuma sai na kai zancen gaban majalisar kwaleji.

Jiya Kawu ya shigo ɗakin ɗaukar darasi, takardar sallama a aljihu. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ce ya sake kallon wani darasinsa ya ga ya yi kuskure a layin ƙarshe. Da a aji ne, in ji shi, da wata yarinya ta gyara masa, amma yanzu za a yi ta kunna wa yara kuskuren shekara da shekaru. Ya roƙe ni in sake ɗauka kafin a karɓe katin shigarsa. Na kunna kyamara, shi yana gyara wuyan riga, ni ina kuka a bayanta.

Ki gaida maigidan, da takwarar Inna, da 'yan biyu. Kawu ma yana gaishe ki. Ya ce kada ki faɗa wa Inna tukuna, don duk baƙon da ya shigo sai ta sa Auta ya kunna masa bidiyon ƙanenta.

Taki,
ƙanwarki.