Na Ƙaurace wa Tuwon Matata Saboda Mijin Yayarta

Goggo mai filin shawara, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana, don a tashar Dungas ko tari na yi an san nawa ne. Sunayen da zan ambata ma duk na sauya su. Ni direba ne, ina jigilar mutane tsakanin Dungas, Waca da Magarya. Abin da ke cina in na faɗa wa abokaina na tasha sai sun faɗo daga benci don dariya, shi ya sa na kawo miki. Kishi nake yi, Goggo. Kishin mijin yayar matata nake yi, har abin ya kai na daina cin abincin gidana.

Bari in fara daga tushe. Matata Hamdiyya ƴar wani ƙauye ce a ƙasar Yekuwa, kuma da hauya na same ta. Lokacin da nake nemanta, mahaifinta Baba Tamu ya kira gayya a babbar gonarsa ta gero. Ranar na fita kunyar noma kafin kowa, na dawo na sake fita, mai gangar noma yana bina a baya, mata suna guɗa. Ita da bakinta ta gaya mini daga baya cewa a gonar nan ta yanke shawara. Tun daga lokacin, duk damina mu surukan gidan muke haɗuwa mu yi wa tsoho noman farko. Cikinmu akwai Hamman, mijin yayarta Zahara'u, mai noma da ƴan shanunsa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a da kullum a bayana yake ƙarewa.

Sai Allah ya ba ni mota. Ke kin san zaman mota: daga kujera sai benci, daga benci sai kujera. Da safe shayi mai kauri da madarar gwangwani da burodi, da rana makaroni ko shinkafa tana ninƙaya cikin mai, a Waca in tsaya wurin mai tsire, in kora da lemo mai sanyi. Daga gida zuwa masallaci ma a kan moto, wato babur, nake zuwa. Tumbi ya fito, wuya ya ninku, mutane suka ce hutu ya karɓe ni, wasu har Alhaji suke ce mini alhali ban taɓa taka jirgi ba. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji.

A gayyar bara ne asirina ya tonu. Ina tsakiyar kunya numfashina ya sarƙe, idona ya yi duhu, na ja jiki na zube a gindin gawo. Hamman ya gama tasa kunyar, ya juyo ya ƙarasa tawa, ko haki ba ya yi. Mai ganga ya bar ni ya koma kan Hamman. Sai na ji guɗa. Goggo, ko cikin mata dubu na san muryar matata, kuma ita ce ta fara. Da aka zauna cin abinci, Baba Tamu ya sa a shimfiɗa mini tabarma a inuwa tare da dattawa, ya tura wa Hamman ƙwaryar fura ya fara sha. Hamman kuwa ya zo ya shafa cikina gaban jama'a yana tambaya wata nawa ne, a fara neman rago. Na yi dariya tare da su, amma ni na san abin da na haɗiye.

Da na dawo na je asibiti. Likita ya ce tansiyo, wato hawan jini, ta hau, sukari ma ya fara leƙowa, ya ba ni magani, ya ce in rage mai da gishiri da zaƙi, in riƙa tafiya a ƙasa. Jin haka Hamdiyya ta tafi wurin yayarta ta kwana biyu, ta dawo da gero, garin kuka, busasshen zogale, tafasa da daddawar batso. Ta ajiye magi, ta fito da turmin da tun aure ba ta waiwaye shi ba. Yanzu da hannu take daka. Tuwon gero da miyar kuka, kwaɗon zogale, dambu, wake, fura da nono babu sukari ko ƙwaya ɗaya.

Da a nan ta tsaya da ban rubuto miki ba. Amma duk kwanon da za ta ajiye sai sunan mutumin nan ya biyo shi. Haka Yaya Zahara'u ke yi wa Hamman. Hamman ba ya sa sukari a fura. Hamman da ƙafa yake zuwa kasuwa, amalanke na gabansa yana biye. Hamman da magariba yake cin tuwo, ba ya ƙarawa. Goggo, ni a gidana nake ko a gidan Hamman? Abin takaici, tuwon nan yana da daɗi, ƙamshinsa sak na tuwon mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Amma da na kai loma baki sai in ga fuskarsa, in mayar da ita kwano.

Shi ya sa nake cika cikina a tasha da irin abin da likita ya hana, in shigo in ce na ƙoshi. Da farko tana lallashi, yanzu ta daina. Sai ta ɗauke kwanon shiru, da safe ta ɗumama wa yara, da yamma kuma in ji ƙarar turmi. Na hana ta zuwa Yekuwa, har sunan jikar Zahara'u ba ta je ba. Wallahi ba zarginta nake ba, mace ce mai tsoron Allah. Amma duk sa'ad da aka ambaci sunansa fuskarta nake kallo, kuma na tsani kaina a kan haka. Shi da ba ya da ko moto, me ya fi ni da shi? Ga furfura ta cika masa gemu, amma in ya tuɓe riga ya kama hauya sai ka rantse saurayi ne.

To yanzu ruwa ya sauka, shuka ta yi kyau, Baba Tamu ya aiko a gaya mini gayya ta kusa. In na ƙi zuwa, za a ce tsoro na ji. In na je na sake zubewa, ban san da wane ido zan kalli Hamdiyya ba. Wani abokina a tasha ya ba ni wata ƙwaya, ya ce masu aikin ƙarfi ke sha, in na haɗiya zan wuni ina noma ban san gajiya ba. Tana cikin motata, kullum sai na ɗauko na duba na mayar. Sau ɗaya kawai nake so in wuce Hamman matata tana kallo. In sha in je, ko in yi zamana in hana ta ita ma? Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Wani direba, daga Dungas.

AMSA

Ɗana direba, na gode da ka kira ciwonka da sunansa, don maza da yawa sun gwammace su ce ciwon kai ne. Kafin komai, ƙwayar nan ka jefa ta a masai yau. Mai tansiyo ya sha abin da zai hana shi jin gajiya, sannan ya shiga rana ya kama hauya, ya kashe ƙararrawar da jikinsa ke buga masa ke nan. Bara da ka zube ka tashi ka yi dariya. Ba ni da tabbacin bana za ka tashi.

Kana da gaskiya a wurare biyu. Hamman ya yi wauta, don ba a wasa da mutum a ranar da ya faɗi, balle gaban surukai. Hamdiyya ma ta yi kuskure. Babu namijin da zai so a riƙa jiƙa masa fura da sunan wani, kuma in tana karanta filin nan, ina roƙonta ta bar sunan mijin yayarta a Yekuwa. Sai dai ina zaton ba ta san tana soka maka wuƙa ba. Ta ga mijinta ya zube, ta duba cikin danginta ta ga wanda jikinsa ya tsaya, ta je ta tambayo abin da yake ci. Batun guɗa kuwa, ban san me ya sa ta yi ba, kai ma ba ka sani ba, tunda ba ka taɓa tambayarta ba. Ka zaunar da ita cikin natsuwa, ka ce guɗar ta yi maka zafi, kwatancen ma yana yi, sannan ka saurari amsarta har ƙarshe.

Yanzu taka. Gero da kuka ba gadon Hamman ba ne. Kakanninka sun ci, kai ma da su ka yi ƙarfin da kake kewa. Ba kuma wani asiri ke cikin miyar ba: mutanen zamanin da sun ci abin da gona ta ba su, zaƙi sai jefi-jefi, suna wuni a tsaye, su ci tuwo da wuri. Amma kada mu yi musu ƙarya, sun sha yunwa, kuma irin ciwonka ya kwashe da yawansu ba tare da an san sunansa ba. Saboda haka ka ɗauki cimarsu ka haɗa da maganin likita, kada ka bar ɗaya don ɗaya. Furar ma da awo za ka sha tunda sukari ya leƙo, a rage kanwa da gishiri a miya. Ka ci ɗumame kafin ka fita, ka bar moto ka taka zuwa tasha da masallaci, in ana lodi ka zaga maimakon zaman benci. Ka riƙa komawa ana auna ka.

Ka janye takunkumin Yekuwa cikin satin nan. Raba mace da yayarta a kan laifin da ba ta yi ba zalunci ne, kuma ka sani. Gayya kuwa ka je. Ka fara tambayar likita iya abin da za ka yi, ka gaya wa Baba Tamu halin da kake ciki da bakinka, ka yi kunyar da za ka iya da sanyin safiya, ka ajiye hauya kafin ta ajiye ka. In Hamman ya sake shafa cikinka, ka ja shi gefe ka ce ba ka so. Wataƙila bana ma ya wuce ka, wataƙila har abada. Ka bar shi ya wuce.

Tsoronka shi ne ka faɗi a idon Hamdiyya. To ka duba da kyau: kana ƙin tuwonta, kana hana ta danginta, amma kowace yamma sai ta koma ga turmi. Matar da ta raina miji ba ta yin haka. Takaba take tsoro, ɗana, kai kuma kana tasha kana gaggauta mata ita. Yau ka dawo gida da yunwarka, ka wanke hannu, ka ci abin da ta ajiye maka tana gani.

Allah ya sauke maka tansiyo, ya sanyaya zuciyarka, ya bar ku tare har ku tsufa, ya ba Baba Tamu damina mai albarka.

Taku, Goggo.